Gawon da Kaka Ta Sa wa Aljani

Kakata ba ta yin tatsuniya sai an ci tuwo an wanke kwanuka, kuma ba ta yi ranar da aka yi mata ƙiriniya. In ɗayanmu ya yi laifi da rana ba ta dukansa. Sai an zauna ta dube shi ta ce yau haƙorinta na ciwo, alhali kowa ya san haƙoran da suka rage mata ba su kai a yi maganarsu ba. Nan da nan sauran yara za su yi ta hararar mai laifin, har ya gwammace a ce bulala aka yi masa.

Sunanta Hawwa, amma duk unguwarmu a Agadas Kaka ake ce mata. Mutuniyar Damargu ce. Da mijinta ya rasu sai ta biyo ɗanta, wato babana, wanda yake da ɗan shagon hoto a bakin kasuwa. Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa. Mai Hoto take ce masa, in kuwa ya ɓata mata rai sai ya koma "wancan mai akwatin". Ni sunana Ramatu, amma a wurinta Sarkin Tambaya ce ni, don ba a gama magana ban sa baki ba.

Gwiwoyinta sun daɗe da riƙewa, saboda haka wuri ɗaya gare ta: tabarmar kaba a gefen murhu, ta jingina da bangon ɗakin girki. Bayan magariba Inna, mahaifiyata, takan bar mana ragowar garwashin da aka yi tuwo, mu da yaran maƙwabta mu kewaye shi. Kaka sai ta kama bakin mayafinta ta ƙulla, ta ce, "Na ɗaure ƙarya, wa zai riƙe mini?" Mu haɗa baki mu ce, "Mu ne!" In ta kai ƙarshe sai ta warware ƙullin a gabanmu ta ce, "Na kwance ta, ta koma daji, kada wanda ya tahi da ita shimfiɗa." Ba ta wasa da wannan kwancewar. Ko yaro ya yi barci sai an tashe shi ya ga an warware, yana kuka yana murza ido. Kuma ba ta yin tatsuniya da rana, ta ce mai yin haka ɓacewa yake yi a hanya.

Wadda na fi so ita ce ta cilakowa. Ga wanda bai san ta ba, tsuntsuwa ce mai launin toka, da dogon baki lanƙwasasshe wanda ya yi wa kanta yawa. In tana tashi sai ta yi sama ta yi ƙasa, tana wani irin fito mai tsawo. A lokacin suna nan a itatuwan Telwa, rafin yashin nan da ke bayan gari da muke ce wa kori, wanda ruwa ke bi in an yi damina a duwatsu.

Kaka ta ce wai a can da cilakowa a fili take sheƙa, kamar kowa. Duk damina ta yi ƙwai, maciji ya hau ya shanye. Ta sake itace, shaho ya gano ta. Da ta gaji da kukan ƴaƴa sai ta ce wa mijinta ya nemo mata kogon itace, ya kawo laka, ita za ta shiga, su toshe ƙofar, a bar ƴar tsaga daidai wurin miƙa baki. Mijin ya ce, "Ke kin san abin da kike faɗi kuwa? In na rufe ki, ranki ya dawo bakina." Ta ce, "Da can ma a ina yake?" A nan Kaka takan saci kallon ƙofar ɗakin Inna, mu kuwa mu yi dariya ba tare da mun san dalili ba.

Aka gina ƙofa. Tana ciki ta fige gashin fukafukanta ta yi wa ƙwai shimfiɗa, ta ce don kada zuciya ta raya mata fita. Shi kuwa mijin kullum sai ya zaga itatuwa yana gaisuwa. Magarya ta ba shi ƴaƴanta, aduwa ta ba shi tsutsa, kandili ya nuna masa inda fara take kwance, ya ɗauko ya kawo bakin tsaga. Rannan ya yi nisa ya faɗa wani lambun dabino a bayan dutse, ya ci ya ƙoshi, barci ya kwashe shi har gari ya waye. Da ya komo sai ya ji muryarta ta shige ciki. Ta ce, "Ban hana ka ci ba, ban hana ka hutu ba. Amma ka tuna kai ka rufe ni." Tun daga ranar yake fito in yana tafe, don ta ji tun daga nesa ta san ba a manta da ita ba. Da ƴaƴa suka yi ƙarfi ta fasa ginin, suka fito su duka.

Ni kuwa ban bari ta kwance ƙullin ba na ce, "To Kaka, in shi ya mutu fa?"

Ta ce, "A tawa ba ya mutuwa. In kina son wadda ake mutuwa ki jira ki girma, za a kawo miki har gida."

Ban kai ga girman ba aka kawo. Ina ajin tsakiya a lakwal, wato makarantar boko, fari ya dawo, na biyu a rayuwar iyayenmu, na farko a tawa. Soja ne ke mulki a lokacin, babu mai ɗaga murya ko a kan me. Makiyaya suka yi ta shigowa daga daji, waɗanda jiya suke da garke yau suna jan akuya ɗaya da igiya. Suka kafa bukkokin tabarma a bayan gari, tsakaninmu da Telwa. Tuwonmu ya koma na jar dawar taimako, mai shaƙe wuya, har Kaka ta ce ita ba ta san laifin da ta yi wa wanda ya noma ta ba.

Mu dai ba mu kwana da yunwa ba, don a zamanin soja ba ka wuce shinge sai da kati, kati kuwa sai da hoto. Amma Baba yana da wata cuta da Inna ta rasa maganinta: ɗaukar hoton tsuntsaye. Ban da babban akwatin shago, yana da aparai, ƙaramin akwatin hoto na ratayawa, kuma duk pelikil, wato fim ɗin hoto, da aka kawo masa daga Yamai sai ya ware wani don daji. Inna takan ce ita ba ta taɓa ganin tsuntsun da ya zo karɓar hotonsa ba. Shi kuwa sai ya ce ai shi ya sa yake son su, ba sa cewa an ɓata musu hanci.

Yadda yake kusantarsu ya gada ne daga mahaifinsa, wanda maharbi ne a Damargu. Akwai kan burtu a gidanmu, cikin wata tsohuwar jakar fata. Burtu shi ne babban wan cilakowa, baƙi ƙirin, a ƙasa yake kiwo, kuma namun daji ba sa gudunsa. Maharba sukan sassaƙa wuyansa da itace, su rufe da baƙar fata, su ɗora bakinsa na gaske, su sa jajayen ƙwayoyi a gurbin ido. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafe yana sunkuyar da kai kamar mai tsince-tsince, har ya isa kusa da barewa. Kakana da baka yake shiga cikin zanen, Baba kuwa da aparai.

A tsakiyar lokacin da ya kamata a ce damina ce, rannan sai ga hadari. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, Telwa ta kawo, yara muka yi ta birgima a taɓo, tsofaffi suna kuka suna godiya. Daga shi ba a ƙara ba. Wannan ruwan ya yaudari kowa, har da wata cilakowa da ta ga laka ta ɗauka shekara ta gyaru. Baba ya dawo wata rana fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka, ya ce wa Kaka, "Iya, na ga tatsuniyarki da idona. Tana cikin tsohon gawon nan na bakin kori, sun rufe ƙofa."

Ranar Lahadi ya goya ni a keke muka je. Muka kwanta a bayan wani dutse, ya nuna mini can sama, ya fi tsayin mutum biyu, wani tabon busasshiyar laka a jikin gawon, da ƴar tsaga a tsakiya. Ba mu daɗe ba muka ji fito. Namijin ya sauka da fara a baki, sai ga tsinin wani baki ya leƙo daga ciki ya karɓe. Da muka koma na faɗa kan Kaka ina cewa ashe ba ƙarya take yi mana ba. Ta ce, "Rabi da rabi ne. Sauka mini daga gwiwa."

Amma a hanyar nan na ga wani abu kuma, wato kututture. Matan makiyaya ba su da abin sayarwa sai itace, mutanen gari kuwa ba su da abin girki sai shi. Mazan kuma suna sassabe rassa don ƴan awakin da suka rage. Duk zuwan da Baba zai yi sai ya tarar saran ya matso. Ya je ya gaya wa masu kula da daji, suka ce ya dubi mutane tukuna kafin tsuntsu, kuma har yau ban ga laifinsu ba. Ya dawo ya zauna ya ƙi cin tuwo. Ya ce gatari na isa gawon nan, an gama da ita, don ba ta da fiffiken tashi.

Akwai wata mata mai suna Tima da ke kawo mana itace. Raƙumansu duk sun mutu, mijinta ya tafi neman aiki Cirozerin bai aiko ba, ga ƴaƴa. Wata rana da la'asar sakaliya ta nufi gawon da gatarinta, sai ta yi kiciɓis da wani baƙin abu mai kan tsuntsu da jajayen idanu, ya miƙe tsaye da ƙafafun mutum. Baba ne ya tashi zai yi mata magana. Ta yar da gatari ta zura da gudu tana salati. Ya dawo gida yana ba da labari yana dariya har da hawaye, ya ce gobe zai mayar mata da gatarinta ya ba ta haƙuri. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ajiye mata shi a kan hanya inda za ta gani. Haƙurin kuma bar mini."

Da safe ta sa aka fitar mata da tabarma ƙofar gida, inda mata ke layin pampo. Tima ta zo, ta fara faɗin abin da ta gani. Kaka ta dafe ƙirji.

"Baƙi ne? Da jan ido? Wayyo ɗiyata, Allah ya yi da sauran kwananki. Mai Gawo ke nan. Mun san shi tun a Damargu. Sare masa gida aka yi can, shi ya sa ya yo arewa."

Mata suka bar bokitai suka matso. Ta ce wanda ya ɗaga wa itacensa gatari, hannun bushewa yake yi. Wanda ya tsaya a inuwarsa kuwa, biyo shi yake yi har gida ya zauna a kan ɗansa. Da irin muryar da take mana tatsuniya take faɗi, da dakatawa a inda ya kamata, rana tsaka, kowa na gani. Na jawo mayafinta na ce, "Kaka, ba ki ƙulla ba." Ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari.

Inna ce kaɗai ta nuna rashin jin daɗi. Da aka shigo ta durƙusa gefen tabarma, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri, amma ba a wasa da mutanen ɓoye."

Kaka ta ce, "Wanda na ƙera da bakina? In ya zo ki turo mini shi ya ɗebo mini ruwa."

Baba ya ƙara mata da nasa. Wasu ƴan yammaci yakan ɗaura kan burtun ya zaga gawon a tsaye, inda za a hango shi daga bukkoki. Kafin a jima labarin ya fi ƙarfin masu shi. Wani ya ce ya gan shi yana shan hayaƙi, wata ta ce ta ji yana kiran sunanta. Gatari bai ƙara kusantar gawon ba, ko busasshen reshen da ya faɗo babu mai ɗauka. A daren nan Kaka ta yi mana tatsuniya har uku, tana ta fara'a. Ni ma na yi alfahari da ita, na ga duk duniya babu mai wayonta.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne sauran itatuwan. Wanda aka hana gawo sai ya juya kan magarya, wanda bai sami magarya ba ya sari aduwa. Aka share kewayen tas, gawon ya rage shi kaɗai a fili. Baba ya fara dawowa ba fara'a. Ya ce namijin yanzu sai ya tsallake kori ya nufi duwatsu kafin ya sami abin kawowa, in ya komo bakinsa a buɗe yake don wahala, abin da ya riƙo kuwa bai kai ƙwayar gero biyu ba. Daga baya zuwan namijin ya ragu. Rannan Baba ya kwanta bayan dutse tun hantsi har rana ta faɗi, babu fito, babu kowa. Shaho ne ya same shi a fili, ko danƙon wani yaro mai jin yunwa, ko ƙishi, Allah kaɗai ya sani.

Daga nan Baba ya zama mijin. Yakan sayi busasshiyar fara a kasuwa ya jiƙa, ya haɗa da dabino mai laushi, safe da yamma ya rufe shago ya hau keke. Sai ya hau gawon ya soka a tsinke ya miƙa ta tsagar. Da farko ta ƙi, daga baya yunwa ta sa ta karɓa. Ya ce yana jin ƴan ƙananan muryoyi a ƙarƙashinta, sun ƙyanƙyashe. Ya ce saura kaɗan, in Allah ya yarda zai ɗauki hoton ranar da za ta fasa ginin ya kawo wa Iya ta gani, tunda ƙafa ta hana ta zuwa.

Hanyar gawon ta cikin bukkokin makiyaya ta bi. Wata safiya aka zo rabon dawa da kamyo, babbar motar kaya, sojoji na tsare da layi, sai ga mutum a keke da aparai a wuya. A lokacin ba a ɗaukar hoto a waje sai da takardar izini, balle a wurin da ake ɓoye yunwa kada baƙi su gani. Suka tare shi. Ya ce tsuntsu yake zuwa ciyarwa, suka ce su zai mayar yara. Suka buɗe aparai suka zare pelikil ɗin a rana, duk abin da ya ɗauka tun ranar da aka rufe ƙofa ya ƙone a nan. Suka jefa shi mota da keken da jakar kan burtun. Wani yaro ne ya rugo ya gaya mana.

Inna ta shiga neman wanda zai tsaya masa, daga gidan wannan attajiri zuwa na wancan. Kaka kuwa, bayan ta yi kukan ɗanta, sai ta share ido ta ce, "To ita ta cikin gawon fa? Wa zai kai mata?" Ana bukatar namiji mai iya hawa, ba komai ba. Ta aika aka kira Sani ga-ruwa, wanda ba ya ƙi mata aike. Da ya ji inda za shi sai ya ja da baya.

"Kaka, ki aike ni Dirku a ƙasa in tahi. Amma ban da gawon nan."

"Babu komi a wurin! Ni na ƙirƙira shi. Mai Hoto ne ke sa kan burtun ubansa."

"To ga shi nan ai ya gani," in ji Sani. "Mutum na zaman lahiya a shagonsa, ya je ya taɓa abin da ya hi ƙarhinsa."

Ta sa aka sake fitar da ita ƙofar gida. A gaban matan pampo ta kama bakin mayafinta ta ƙulla, ta warware, ta ce ta kwance, ƙarya ce ta yi, Allah ya yafe mata. Suka dube ta da tausayi. Tima ta ce, "Kaka, ni da idona na gan shi. Yanzu shi ne ke sa ki faɗin haka don a je masa." Wata ta kawo shawarar a yi wa tsohuwa rubutu ta sha. Duk samarin unguwa babu wanda ba ta roƙa ba, har ta yi alkawarin ba da ƴan kunnenta na azurfa, aka rasa mai zuwa.

Na ce ni zan je, ko ban iya hawa ba zan nemi doguwar sanda. Inna ta kama ni a zaure, ta riƙe hannuna har ya yi shati. Na ce, "Inna, ai kin san Baba ne!" Ta ce, "Na sani. Amma an share masa wuri, an raɗa masa suna, an yi ta kiransa safe da yamma. Ke kin tabbata bai amsa ba? An ɗauke mini miji, ba zan ba da ɗiya ba." Tana faɗi tana kuka. Na ji haushinta a ranar kamar in mutu, yau kuwa da nake da nawa ƴaƴan ban san abin da zan yi ba in ni ce.

Kashegari da sassafe, Inna ta fita bin manya, Kaka ta ce in miƙo mata sandarta. Ta ƙulle fara da dabino a gefen zane, ta dafa kafaɗata muka fita. Matar da ko bayan gida sai an riƙe ta. Tana taku tana nishi, tana zagin gwiwoyinta ɗaya bayan ɗaya kamar ƴaƴan da suka ƙi jin magana. Ban san yadda ta yi niyyar hawa gawo ba, ina jin ita ma ba ta sani ba. Mun kai gidajen ƙarshe, inda ake hango kan gawon can nesa, sai ƙafafun suka lanƙwashe ta zube a yashi. Ta yi rarrafe kaɗan, ta tsaya. Ta zauna tana kallon gawon. A kurar Sani ga-ruwa aka mayar da ita gida, tsakanin garewani.

Baba ya fi mako a tsare kafin wani dattijon unguwa ya karɓo shi. Ya fito ba aparai, ba kan burtu. Sai bayan shekaru na ji daga bakin wani cewa sun sa shi ya ɗaura kan ya yi ta zaga fili a durƙushe yana tsince-tsince suna dariya. Shi bai taɓa faɗa mana ba. Ranar da ya fito, ko ruwa bai sha ba ya ce zai je kori, na bi shi, wannan karon Inna ba ta hana ba.

Tun daga gindin itacen muka ji wari. Ya hau, ya kira ta da ɗan fiton da ya koya, ya kara kunne. Sannan ya zaro wuƙa ya fasa lakar. Ashe tsuntsuwar ta ɗan fara fasawa daga ciki, don bakin tsagar ya faɗaɗa, ƙila ta leƙa ta ga babu inda za ta da fukafukan da ba su gama tsirowa ba. Ya zura hannu ya fito da ita, ba nauyi, kamar tsumma. Ƴaƴan suna ƙarƙashinta sun bushe. Ya sauko ya tona yashi da hannu muka rufe su. Ban taɓa ganin babana yana kuka ba sai ranar, kuma ban san ko na tsuntsuwar ne ko na abin da aka yi masa ba.

Da muka shiga gida Kaka ta dubi hannuwansa, ba ta tambaya ba. Da magariba yaran maƙwabta suka taru kamar kullum, Inna ta bar garwashi. Muka jira a kama bakin mayafi. Kaka ta dubi wutar ta ce, "Ku tahi gida. Tatsuniya ƙarya ce wadda kowa ya san ƙarya ce. Ni na yi wadda ba a sani ba, ta kuwa ƙi komawa daji." Wani ƙaramin yaro ya ce ko haƙorin ne ke ciwo. Ta ce a'a, yau lafiyarsa lau. Ta ƙara shekara biyu ko uku a duniya, tana wasa da mu, tana tsokanar Inna, amma ba ta sake ƙulla mayafi ba. Baba ma bai sake ɗaukar hoton abin da ba mutum ba.

Ni na gaji shagon, na yi shekaru ina ɗaukar mata a gidajen biki da suna. Na sha ɗaukar aparai in bi motar Damargu, in sauka a ƙauyuka ina tambayar inda ake ganin cilakowa, kullum sai a nuna mini kudu, in na je can a ƙara nuna mini kudu. Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar na mijin ne, kada ya yi nisa, kada ya manta. Sai da na tsufa na lura da waɗanda ba mu taɓa kula da su a cikinta ba, magarya da aduwa da kandili, masu ba shi abin da yake kaiwa. Mun tsare ɗakin, muka bar abin da ke ciyar da ɗakin aka sare. Kuma ba zan ɗora wa Tima ba. Itacen da ta saro mu muka saya, da shi aka yi mana tuwo, a gaban garwashinsa muka zauna muna jin daɗin labarin cilakowa. Wannan ne yake ci mini rai, kuma ban ga ta inda za a gyara ba.

Bara na koma wurin. Gari ya ci ya wuce inda bukkoki suke, tun da kuɗin zinariyar Jado suka shigo ake ta gini. Gawon yana nan. Gidajen siminti sun kewaye shi ta ko'ina, amma an bar masa fili, babu wanda ya yarda katangarsa ta shiga inuwarsa. Ko tsuntsu ɗaya ban gani a kansa ba. Na ɗaga aparai ke nan sai wasu yara da ke wasa daga nesa suka kwaɗa mini kira. Wata yarinya mai wayo, wadda ba ta wuce shekaruna na wancan lokaci ba, ta matso iyakar inda take iya matsowa.

"Hajiya, fito daga nan! Gidan Mai Gawo ne. Yana busar da hannu."

Na fito na same su. Na ce babu wani Mai Gawo, kakata ce ta ƙirƙira shi, babana ne ke sa kan burtu, don a tsare wata cilakowa da ke ciki. Suka dubi juna. Yarinyar ta ce kakarta ta taɓa ganinsa da idonta, sannan ta ce, "Mene ne cilakowa?"

Na zauna a kan wani bulo na gaya musu. Na kwatanta bakin, da tashin, da yadda macen ke shiga kogo a toshe ƙofa da laka, ta zubar da gashinta, mijin ya yi ta kawo mata abinci ta ƴar tsaga har ƴaƴa su girma. Sun yi tsit suna ji, har na fara jin daɗi. Da na gama sai yarinyar ta yi murmushi irin na wanda ya gano ana yi masa wayo.

"Kai Hajiya," in ji ta. "Tsuntsu da gini? Wannan kam tatsuniya ce."